Ƙaramar Amfilifaya Mai Babbar Murya Ta Shigo Hannun Masu Gyaran Rediyo

Garin Yangoji yana cikin Ƙaramar Hukumar Kwali ta Birnin Tarayya, a bakin babbar hanyar da ta tashi daga Abuja zuwa Lokoja. Kamar sauran garuruwan da ke kan wannan hanya, rayuwarsa ba ta rabuwa da lasifika. Da ita ladan yake kiran salla, da ita ake wa'azi a majami'u, da ita kuma ake shelar biki da taron siyasa da tallar magani. Amma kowace lasifika tana buƙatar amfilifaya, watau na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ita kuwa amfilifaya abincinta lantarki ne. To, a nan gizo yake saƙa, domin wuta ba kullum take zama ba, shi kuma man janareto ya yi tsada tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 1 ga farkon mulkin sabuwar gwamnati a shekarar 2023.

Saboda haka ne hankalin masu gyaran rediyo da samari masu sha'awar haɗa na'urori ya koma kan wata irin amfilifaya da ake kira rukunin D, wadda ake sayarwa a kan ɗan allo da bai wuce tafin hannu ba.

Bambancinta da ta da

Amfilifayar da aka saba da ita a shagunan gyara ita ce ta rukunin AB, mai manyan tiransistoci irin su 2N3055 ko 2SC5200, da tiransifoma mai nauyi, da faffaɗan ƙarfen sanyaya jiki. Tiransistocinta suna aiki ne kamar famfon da aka buɗe rabi da rabi, suna danne wutar da ta yi yawa, abin da aka danne kuwa zafi yake zama. A lissafin masana, irin wannan tsari ba ya iya mayar da fiye da kashi 78 cikin 100 na wutar da ya ci zuwa sauti, a wajen aiki kuwa sau da yawa da ƙyar yake wuce rabi.

Ita ta rukunin D dabararta daban take. Tiransistocinta makunna ne kawai, ko dai a buɗe gaba ɗaya ko a rufe gaba ɗaya, kuma suna kunnuwa suna mutuwa sau dubu ɗari-ɗari cikin daƙiƙa guda. Tsawon lokacin da makunnin ya yi a buɗe shi ne yake bin hawa da saukar murya. Daga nan sai wutar ta bi ta matata, watau naɗin waya da kafasito, wadda take tace wannan saurin da kunne ba ya ji, ta bar sautin ya wuce zuwa lasifika. Da yake makunni ba ya danne wuta, asarar kaɗan ce, har ana samun kashi 90 cikin 100 ko fiye.

Misali zai fi fito da maganar fili. Idan ana son wat 100 na sauti, tsohuwar amfilifaya mai kashi 55 za ta ja wajen wat 180 daga batir, ta zubar da wat 80 a zafi. Ta rukunin D mai kashi 90 kuwa wat 110 za ta ja. Ga masallacin da ya dogara da farantin hasken rana da batir guda, wannan rata ita ce tsakanin a ji kiran sallar asuba da a wayi gari batir ya mutu.

Daga ina ta fito?

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya ɗan Ingila mai suna Alec Reeves ne ya fara fito da ita a shekarun 1950. A shekarar 1964 kamfanin Sinclair na Ingila ya sayar wa masu sha'awa wata ƙarama mai suna X-10, wadda aka yi tallarta a kan wat 10, amma abin da take bayarwa bai kai kusa da haka ba. Matsalar ita ce tiransistocin wancan zamani ba su da saurin da ake buƙata. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Sony na Japan ya fito da TA-N88, daga baya kuma, a shekarun 1990, kamfanin Tripath na Amurka ya dunƙule aikin cikin ƙwayar lantarki guda mai sauƙin kuɗi. Shi Tripath ya karye a 2007, amma hanyar da ya buɗe ba ta rufe ba.

A Turai an bi ta wajen kyan sauti. Wani injiniya ɗan Beljiyam, Bruno Putzeys, ya ƙirƙiro tsarin UcD lokacin da yake aiki a kamfanin Philips, sannan ya yi Ncore a kamfanin Hypex na ƙasar Holan. A Danmak akwai ICEpower da Purifi. Wasu daga cikin allunan waɗannan kamfanoni suna ba da ɗaruruwan wat, ana kuma sayar da su ga mai son ya haɗa da kansa, sai dai da kuɗin waje ake saye, tun kuwa da darajar Naira ta faɗi a 2023 suka ƙara yin nisa da aljihun yaron shago.

Abin da ya fi isowa hannun talaka shi ne allunan da ake haɗawa a birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Akwai PAM8403 mai wat 3 a kowane ɓangare, wadda cajar wayar hannu ma takan tayar da ita. Akwai TPA3116D2 ta kamfanin Texas Instruments, mai wat 50 a kowane ɓangare, wadda take karɓar wuta daga bolt 4.5 zuwa 26, watau batirin mota yana iya ɗaukarta. Sai babbar yayarsu TPA3255, wadda take kai wat 300 a kowane ɓangare idan ta sami wajen bolt 50. Irin waɗannan kaya suna shigowa ta kasuwar Alaba da ke Ikko, su bazu zuwa kasuwar Sabon Gari ta Kano da sauran manyan kasuwanni, wasu kuma ana odarsu ta intanet.

Hattara dai mai saye

Ba duk abin da aka rubuta a jikin kwali ne gaskiya ba. Ƙarfin da amfilifaya za ta bayar ya dogara ne ga yawan bolt ɗin da ta samu da kuma om na lasifikar. Allon da aka rubuta wa wat 100, in an haɗa shi kai tsaye da batir mai bolt 12, abin da zai iya turawa cikin lasifika mai om 4 ba tare da murya ta dagule ba bai wuce wat 18 ba. In lasifikar mai om 8 ce sai ya koma wat 9. In kuwa aka jera batir biyu suka zama bolt 24, ƙarfin yakan ninka har huɗu, muddin allon zai iya ɗauka. Wanda bai san wannan lissafi ba sai ya ce an cuce shi, alhali kuwa wutar da ya ba ta ce ta gaza.

Har ila yau akwai jabun kaya, inda ake sa wata ƙwaya mai arha a ƙarƙashin ƙarfen sanyaya, a sayar da sunan ta ainihi. Akwai kuma allunan da aka yi wa rowar matata, waɗanda ƙararsu take shiga rediyon maƙwabta masu sauraron matsakaici da gajeren zango. Wani kuskuren da yake ƙona alluna da yawa shi ne haɗa baƙar wayar lasifika da jikin akwatin ƙarfe, ko haɗa baƙaƙen wayoyin ɓangarorin biyu wuri ɗaya. A yawancin waɗannan alluna dukkan wayoyin lasifika biyu suna ɗauke da wuta, don haka dole kowace ta tsaya ita kaɗai. Ƙurar hunturu da zafin bazara su ma ba a raina su, akwati yana buƙatar mashigar iska.

Makomar sana'a

Ga tsofaffin masu gyara, wannan sauyi yana da daɗi da ɗaci. A da, in amfilifaya ta ƙone, mai gyara yakan gwada tiransisto ɗaya bayan ɗaya, ya cire mataccen, ya liƙa sabo da dalma. Ƙwayoyin yanzu ƙafafunsu sun yi ƙanƙanta, sai da na'urar hura iska mai zafi ake iya cire su, sau da yawa ma sayen sabon allo ya fi gyara sauƙi. Haɗarin shi ne yaro ya tashi ya iya sauya allo amma bai san abin da yake gudana a cikinsa ba.

Duk da haka ƙofar da aka buɗe tana da faɗi. Saurayin da ya ƙware wajen lissafin bolt da om, ya iya haɗa batir da farantin rana da allo da lasifika cikin akwati ɗaya mai tsabta, ba zai rasa aiki a masallatai da majami'u da makarantu ba. Ƙaramar Hukumar Kwali tana da Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda, ga kuma Jami'ar Abuja a kusa da Gwagwalada. Ya kamata irin waɗannan wurare, tare da makarantun koyon sana'a, su riƙa shirya wa yaran shaguna gajeren horo a kan sabuwar na'urar, domin su gane ta ainihi daga jabu kafin kuɗin jama'ar da aka tara a masallaci ya tafi a banza.