Makirufo da Akwatin Ƙarin Ƙarfi: Kafin Ka Kashe Kuɗinka

A kwanakin baya, in ƙungiyar mawaƙa tana so a ɗauki waƙarta, sai ta tara kuɗin mota ta nufi Jos, inda akwai ɗakunan ɗaukar murya irin na Muryar Bishara. Yau kuwa yaro mai kwamfuta a Kiyawa yana iya yin wannan aiki a ɗakinsa. Abu biyu ke sa shi asara: makirufo, da akwatin da ke ƙara masa ƙarfi.

Ni ma na yi asarar. Matan Zumunta sun danƙa mini kuɗin da suka tara, na tafi Kano na sayo makirufo irin wanda ake kira kondensa, gama shi na saba gani a hoton manyan mawaƙa. Da muka saurari aikinmu na fari, ga muryar mata sarai, amma ga carar zakara, ga injin markaɗe, ga babur mai wucewa zuwa Shuwarin. Laifina ne, gama ban yi tambaya ba.

Makirufo iri biyu ne a wannan sana'a. Na ɗaya shi ne dainamik. A cikinsa akwai ɗan faifai mai laushi haɗe da naɗin waya a tsakiyar maganaɗisu. Murya ta kaɗa faifan, wayar ta motsa, wuta kaɗan ta fito. Ba ya bukatar wuta daga waje, yana jure ƙura da faɗuwa, kuma akan rera masa da baki kusa, don haka muryar takan danne hayaniyar unguwa. Sanannensu shi ne Shure SM58, wanda ya fito a Amurka a 1966, har yau kuwa ana ƙera shi. Kuɗinsa wajen dala 100 ne. Behringer XM8500 bai kai rabin haka ba, yana kuwa aiki.

Kondensa, irin su Audio-Technica AT2020, ya fi kunne, yana kama har numfashi. Amma sai an ba shi wuta ta maɓallin da aka rubuta wa 48V, sa'an nan ƙurar hunturu da laimar damina suna iya sa shi ƙarar ƙas-ƙas. Wanda ke da ɗaki shiru, ko mai son ɗaukar mawaƙa 20 gaba ɗaya daga ɗan nesa, shi ya kamata ya saye shi. Ga mai rera waƙa shi kaɗai a gidan da ke da yara da awaki, shawarata dainamik ce, ba na shakka.

To, ina amfanin akwatin? Wutar da makirufo ke fitarwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kamar kashi ɗaya ko biyu cikin 1,000 na bolt guda. Dole a riɓanya ta sau 100 har zuwa sau 1,000 kafin ta isa a ɗauka. Akwati mara kyau yakan riɓanya murya tare da wani huci, shiii, kamar an bar rediyo ba tasha. Dainamik ya fi bukatar ƙari, saboda haka a kansa ne asirin akwati yakan tonu. Kada mai ƙaramin ƙarfi ya sayi wannan na'ura dabam. Akwai akwatunan da ake haɗawa da kwamfuta ta USB, da na'urar a cikinsu: Focusrite na Ingila ya fito da Scarlett a 2011, Solo mai kafar makirufo ɗaya, 2i2 mai biyu, akwai kuma Behringer UMC22 mai sauƙin kuɗi. In kana tsammani wata rana za ka ɗauki mutum biyu tare, ko murya da ganga, ka daure ka sayi mai kafa biyu.

Wani zai ce maka ka sayi Shure SM7B, domin da magabacinsa SM7 aka ɗauki muryar Michael Jackson a 1982. Gaskiya ne, amma kuɗinsa ya ninka na SM58 wajen sau huɗu, kuma yana cin ƙarfin da ƙaramin akwati zai sha wuya kafin ya bayar.

A kasuwa a yi hankali, gama jabun SM58 sun yi yawa. In an yi maka farashin da ya ba ka mamaki, ka ajiye. Ka tafi da abin sa wa kunne, ka sa a haɗa makirufon a gabanka, ka murɗa ƙarfi sama ka yi shiru, ka ji ko akwai huci. Wayar ta zama mai haƙora uku, watau XLR.

Sauran aikin na ɗaki ne, ba ya kuwa cin kuɗi. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana amsa kuwwa. Sai a jingine katifa bayan mai waƙa, a rataye barguna, a shimfiɗa tabarma. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya tare ƙarar waje, ɓata lokaci ne. Baki ya tsaya kamar faɗin tafin hannu daga makirufo. Tsohuwar safar mata a kan zoben waya tana tare iskar “p” da “b”. In ka ji gurnani, ka cire cajar kwamfuta ka yi aiki da batir, a kashe janareta.

Mu dai mun koma yin aikinmu da sassafe a soron wani dattijo, mai bangon ƙasa da rufin azara. Kondensan nan yana cikin kwalinsa, a naɗe da tsumma, sai ranar da mawaƙa duka za su taru.