Gashin ƙashi ta waya: abin da Mma ta yarda da shi, da wanda ta ƙi

Ranar da na fara kawo wa mahaifiyarmu maganar yi mata gashin ƙashi ta waya, kallon da ta yi min kaɗai ya isa amsa. Harshenta bai gama sakewa ba a lokacin, amma sai da ta lallaɓa ta haɗa kalmomin: "Wayar ce za ta miƙar min da ƙafa?"

Mma ta yi fiye da shekara 20 tana sayar da koko da ƙosai a Aboabo, nan Kumasi. Bara, bayan ƙaramar Sallah, hawan jini ya kayar da ita da asuba tana cikin dama koko, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da aka sallamo mu daga asibiti, an ce mu riƙa kawo ta sashen gashin ƙashi sau biyu a mako, an kuma ja mana kunne cewa watannin farko, musamman uku zuwa shida, su ne lokacin da jiki ya fi saurin karɓar gyara. Wanda ya yi sake da su, abin da zai samu daga baya sai da wahala.

Mun fara da zafinmu. Amma wanda ba ya iya tsayuwa ba ya hawa trotro, pragya kuma jijjiga ce zalla. Sai shatar tasi zuwa da dawowa, da mutum biyu masu ɗauka, ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙafa. Mu fita bayan sallar asuba, mu bi layi, a yi mata aikin da bai kai awa guda ba, mu dawo ana kiran azahar. Kuɗin mota ya fi kuɗin komai. Ni na rufe shago, ƙanwata ta rasa rabin yininta a wurin ɗinki. A mako na biyar muka fara fashi, yau a ce babu kuɗi, gobe a ce babu mai ɗauka.

Ma'aikaciyar da ke duba ta, wata matashiya da ke mana magana da harshen Twi, ita ta lura. Ta ce idan mun yarda, a mai da zuwan ya zama sau ɗaya duk bayan mako biyu, a tsakani kuma ta riƙa kiranmu ta bidiyon WhatsApp, muna biya ta momo.

Sunan da muka ba wannan aiki da Hausa shi ne ya fara rikita mu. In aka ce gashin ƙashi, abin da ke zuwa ran mutum shi ne ruwan zafi da tawul, da tausa da man kaɗanya, ko maɗori yana jan gaɓa. Duka aikin hannu ne, majinyaci na kwance ana yi masa. To amma a shanyewar ɓarin jiki, babban aikin majinyacin ne ke yi da kansa: ya tashi daga zaune, ya koma, ya sake tashi, ya miƙa hannu ya ɗauki kofi, sau da yawa kowace rana, har ƙwaƙwalwa ta buɗe wata hanyar aika saƙo zuwa ga gaɓar. Ma'aikacin mai tsarawa ne da gyara kuskure. Wannan ne ya sa wani kaso na aikin yake yiwuwa daga nesa.

Ba a Ghana aka ƙirƙiro abin ba, kuma ba jiya ba. Annobar korona ce dai ta bazu da shi, lokacin da asibitoci a ko'ina suka rage karɓar waɗanda ciwonsu ba na gaggawa ba ne. Muna tune da kullen mako uku da aka yi wa Kumasi da Ankara daga 30 ga Maris 2020. Masu bincike ma sun gwada. A 2024 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga gwajin da Jami'ar Melbourne ta ƙasar Ostareliya ta yi kan mutum kusan 400 masu ciwon gwiwa mai daɗewa, rabi suna ganin ma'aikacin ido da ido, rabi ta bidiyo. Sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu bai bambanta ba. Sai dai a tuna, ciwon gwiwa daban, shanyewar jiki daban. Kuma mutanen can ba su san dumsor ba, ba sa lissafin data kafin su ɗaga kira.

Kiran farko dariya ya ba mu. Mun jingine wayar a jikin buta, ma'aikaciyar ba ta ganin komai sai silin. Muka mai da ita kan tukunya, sai ƙafa kawai. Yaran gidan haya suka cika ƙofa suna leƙe. Mma ta ja mayafi ta rufe jiki ta ce ita ba za ta yi rawa a gaban jama'a ba. Sai da aka kore su aka saki labule.

A kira na biyu ne abin ya nuna amfaninsa. Ma'aikaciyar ta ce kada mu shirya komai, mu tayar da Mma daga katifa yadda muka saba. Ƙanwata ta kama hannun da ya shanye ta ja. Daga cikin wayar muka ji tsawa: mu tsaya! Ashe naman da ke riƙe kafaɗa ya saki, jan hannun na iya zame gaɓar daga mazauninta ya bar mata ciwon da zai daɗe. Mako biyar muna zuwa asibiti, ba wanda ya taɓa ganin wannan, domin a can a keken guragu ake shiga da ita, gadon kuma mai tsawo ne. A gida katifa a ƙasa take.

Daga nan ta sa muka zagaya da ita gidan ta cikin waya. Ta ga dokin ƙofar ɗakin, ta ga tsakar gida mai santsi inda ake wanki, ta ga ban ɗakin tsuguno da gida goma ke rabawa. Ta tambayi Mma abin da ta fi so ta koma yi. Na ɗauka za ta ce kasuwa. Sai ta ce alwala da kanta, da sa goshi a ƙasa. Ta san addini ya yarje wa mara lafiya ya yi sallah a zaune, malamin unguwa ma ya faɗa mata, amma ranta bai kwanta ba. Ma'aikaciyar ba Musulma ba ce, sai ta ce ƙanwata ta yi raka'a ɗaya ta gani. Ta rarraba motsin gida-gida, tsayuwa, sunkuyo, durƙuso, zama a kan ƙafa, ta ɗora aikin kowane mako a kansu. Aka ɗora katifa kan gadon katako, aka samo benci mai tsayin gwiwa, aka rage ruwan buta zuwa rabi don hannun dama ya koyi ɗagawa.

Duk da haka Mma ba ta taɓa cewa ta fi son waya ba. In ranar asibiti ta zo, tun dare take sa a fito mata da zanen da za ta ɗaura. A can tana haɗuwa da wasu tsofaffi masu irin ciwonta, suna gwada wa juna wanda ya fara taka ƙafa. Wata rana a mota ta ce min: "Kai ba ka gane ba. In yarinyar nan ta riƙe ni, ba na tsoron faɗuwa. In ku ne, ina jin hannunku yana rawa."

Kuma gaskiyarta, akwai abin da waya ba ta gani. A wata na uku, ma'aikaciyar ta kama idon sawun Mma ta lanƙwasa, ta ce jijiyar bayan ƙafa ta fara ƙagewa, in aka bari diddige ba zai ƙara taɓa ƙasa ba. A bidiyo ƙafar lafiya lau take, har muna murna. Taurin nama da hannu ake jin sa. Haka ma koyon tafiya na farko, inda mutum zai iya kifewa, ba aikin da za a bar wa ’yan gida ba ne da umarni daga nesa.

Zaman layi ya sa na yi ta tambayar mutane, daga baya ma na bi wasu har gida a Asawase da Sawaba. Ban ji bakinsu ya zo ɗaya ba, kuma ba shekaru ne kaɗai ke raba su ba, kamar yadda na zata. Wani direban tasi mai ciwon baya ya ce shi waya ta fi masa, domin duk safiyar da ya kashe a layi sai ya biya mai mota kuɗin ranar daga aljihunsa. Motsin da aka koya masa a tabarma yake yi bayan isha. Wani dattijo mai shekaru kusan 70 ma waya ya zaɓa, don ya gaji da ganin ’ya’yansa suna ɗaukarsa kamar buhu a gaban ’yan unguwa. Amma wani saurayi da ya karye a kan babur ya ce in ba a asibiti ba, ba ya yin komai, ya san halinsa, sai an tsaya a kansa.

Wajen mata abin ya fi sarƙewa. Wata baiwar Allah mai ciwon ƙugu tun bayan haihuwa ta ce ta daina zuwa ne saboda namiji aka haɗa ta da shi, ta kasa faɗa, ta kasa komawa. Ta waya ta samu mace. Maƙwabciyarta kuwa ta ce ko da kuɗi ba za ta buɗe gwiwarta a gaban kyamara ba, wa ya san inda hoton zai ƙare? Kunya ɗaya ce, amma ta kai su wuri biyu. Ina ganin wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma majinyaciya na da haƙƙin ta tambaya ko ana naɗar kiran, da wanda ke zaune kusa da mai kiran, ta kuma nemi mace ko a asibiti ko a waya.

Akwai wani lissafi da ba a cika yi ba. In an ce waya ta rage wahala, wahalar wa? Ni ta rage min, na koma shago. Ƙanwata kuwa ita ta zama hannun ma'aikaciyar, ita ce mai riƙo, mai ƙirga motsi, mai fassara in Twi ɗin Mma ya ƙare, safe da yamma har wata shida, ba albashi. A yawancin gidajen da na shiga, mace ce ke wannan aiki, ’ya ko suruka ko jika. Majinyacin da ba shi da irin wannan mutum a gida, waya ba za ta yi masa abin da ta yi mana ba.

A ra'ayina, duk wanda za a yi wa tayin waya, a fara ganinsa ido da ido tukuna, a auna shi da hannu, a kuma sa ranar da zai dawo. A tabbatar mai kiran ƙwararre ne mai lasisin Allied Health Professions Council, hukumar da ke rajistar masu wannan aiki a Ghana, ba ɗaya daga cikin masu bidiyon TikTok da ke warkar da komai ba. In kuma baki ya sake karkacewa, ko magana ta rikice, ko wani sabon rauni ya bayyana, ko ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi, ko ƙirji ya riƙe, ba kiran bidiyo ake jira ba, asibiti ake nufa nan take, ko a kira 112.

Yanzu Mma na zuwa sau ɗaya a wata, kiran kuma ya koma na ranar Alhamis. Tana alwala da kanta a kan bencin nan, tana tafiya da sanda har bakin titi ta duba yarinyar da ke riƙe mata tukunyar koko, ta yi mata faɗan ta cika ruwa. Sujada dai tukuna. Tana iya durƙusawa, tashin ne sai an tallafa. Makon jiya wuta ta ɗauke tun dare, wayar ta mutu kafin lokacin kiran. Na ce to yau hutu. Ta harare ni, ta ce wa ƙanwata ta jawo bencin, ta san abin da yarinyar za ta ce ta yi.