Gyambo, Zuma da Bandejin Zamani

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon sukari ya san yadda ɗan rauni a yatsar ƙafa kan rikiɗe ya zama gyambo, ya shafe watanni yana ruwa, har likita ya ba da shawarar yanke ƙafar. Shin me ke hana irin wannan miki warkewa?

Idan mutum ya ji rauni, fararen ƙwayoyin jini kan saki wasu sinadarai masu ɗauke da iskar oksijin domin hallaka ƙwayoyin cuta. Kaɗan daga cikinsu alheri ne. Amma a jikin mai ciwon sukari sukan yi yawa, su koma cin sabon naman da ke tsirowa, tamkar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Wannan ya sa masu bincike suka duƙufa wajen ƙera bandejin da zai tsotse wannan guba.

Tun a 1962 wani masani ɗan Ingila, George Winter, ya nuna cewa raunin da aka rufe da danshinsa ya fi saurin warkewa a kan wanda aka bari ya bushe. A yau ana yin bandeji mai kama da kunun kanwa da ya daskare, daga ciyawar teku ko ɓawon jatan lande, kuma ana gwajin zuba masa sinadarai masu kashe tsatsar, irin na gangamau.

Zuma ma tana cikin sahu. Misirawan dā sun rubuta amfaninta ga rauni, kuma a 2007 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da bandejin Medihoney mai ɗauke da zumar manuka. Sai dai wannan zuma an tace ta, an kashe ƙwayoyin cutar cikinta da hasken gama. Ta sha bamban da wadda ake sayarwa a gorar roba a bakin tasha, wadda sau da yawa an gauraya ta da sukari.

Saboda haka, mai ciwon sukarin da ya ga rauni a ƙafarsa ya garzaya asibiti kafin ya shafa komai. Su kuwa jami'o'inmu, daga Zariya zuwa Maiduguri, lokaci ya yi da za su auna zumarmu da ma'aunin kimiyya, su tace ta, su kai ta ɗakunan jinya. Kowace ƙafar da aka ceta, magidanci ne ya ci gaba da ciyar da iyalinsa.