HANNUN ƊAN ADAM DA NA BIRI: INA BAMBANCIN YAKE?

An daɗe ana baza labarin cewa birin nan da ake kira cimfanzi, wanda akan samu a dajin Gashaka-Gumti na Jihar Taraba, ya ninka ƙato ƙarfi har sau biyar. Wannan zance ya samo asali ne daga gwaje-gwajen wani Ba'amurke, John Bauman, a shekarun 1920. Amma binciken da masana suka buga a Amurka cikin 2017 ya nuna tsokar cimfanzi ba ta ko ninka ta mutum sau ɗaya da rabi ba.

Dalilin wannan fifiko shi ne, kusan kashi biyu cikin uku na zaruruwan tsokarsa masu saurin fizga ne, irin waɗanda hawan itace ke bukata. Shi kuwa mutum ya fi shi zaruruwan da ke jure aiki mai tsawo ba gajiya.

To, sai batun ƙirar hannun. Kowanensu ƙasusuwa 27 ke hannunsa, amma yatsun cimfanzi dogaye ne masu lanƙwasa kamar ƙugiya, babban yatsansa kuwa gajere. Na mutum dogo ne mai ƙarfi, yana iya haɗuwa sosai da kan kowane yatsa. Cikin 1956 wani likita ɗan Ingila, John Napier, ya kasa riƙon mutum gida biyu: riƙon ƙarfi, watau irin na ƙotar fartanya, da riƙon ƙwarewa, irin na alƙalami ko zura zare a kafar allura.

Wannan ba ya nufin biri ba shi da dabara. Cikin 1960 Jane Goodall ta ga cimfanzi a Gombe ta ƙasar Tanzaniya yana zura tsinke cikin shuri yana zaro gara. Sai dai sassaƙa dutse ya zama wuƙa yana bukatar a danne shi da babban yatsa yayin bugu, kuma mafi tsufan irin waɗannan kayan aiki, da aka tono a Lomekwi ta Kenya, sun kai shekara miliyan 3.3.

Daɗin daɗawa, wani bincike na 2015 ya nuna hannun cimfanzi ne ya fi sauyawa tun da zuriyoyin biyu suka rabu, bisa ga lissafin masana, domin yatsunsa sun yi ta tsawo saboda zaman itace. Ashe hannun da ke riƙe alƙalami a ofis shi ya fi kusa da tsohuwar ƙira.