Baba ta Karo, Uwar 'Ya'yan da Ba Ta Haifa Ba

Duk wanda ya taɓa zama a Zangon Parakou ko cikin tsoffin unguwannin Djougou ya san irin tsohuwar nan. Ba ta riƙe da sarautar kowa, amma in naƙuda ta kama mace da tsakar dare, ƙofarta ake bugawa. Ita ke sammako ta ɗora tukunyar wankan jego, ita ke sa amarya a lalle, in an yi rasuwa kuma ita ke fara shiga wurin mata. Ranar da ta cika sai a yi kwana bakwai ana cewa an yi rashi. Daga nan yaran da ta yanke wa cibiya su girma, su tsufa, su ma su tafi, sunanta ya bi su. Cikin irin waɗannan mata na zamanin da, guda ɗaya na sani wadda labarinta ya shiga takarda daga bakinta. Sunanta Baba, mutuniyar Karo.

An haife ta a 1877 a Karo, wani ƙaramin ƙauye kusa da Zarewa, a bakin iyakar Kano da Zazzau. Kakanninta Barebari ne da suka taso daga Borno. Mahaifinta, Tsoho, malami ne kuma manomi. Lokacin ne ayarin fatake ke tashi daga Kano da jakuna, su ƙetare Kwara, su ratsa Nikki da Parakou da Djougou har Gwanja, su komo da goro bayan watanni. Goron da ake rabawa a ɗaurin aure da suna a ƙasar Kano ta wannan hanya yake zuwa, don haka mutanen Djougou ba baƙi ba ne a labarin nan, ko da Baba ba ta san fuskokinsu ba.

Ƙuruciyarta ta zo cikin zamanin hari. Mahara kan faɗo wa ƙauyuka da dare, su kwashi mata da yara su kai kasuwa. Abin ya taɓa gidansu: an kama mata da yara daga cikin danginta, sai da maza suka bi sawu, aka tara wuri mai yawa, sannan aka fanso su. Amma ga abin da ke sa ni yarda da Baba. Ba ta ɓoye cewa su ma suna da bayi a rinjinsu ba. Ta faɗi yadda suke noma gandu, yadda 'ya'yansu ke wasa da 'ya'yan gida, da yadda da yawa suka kama gabansu bayan Turawa sun ci Kano a 1903. Ta kuma faɗa ƙarara cewa talakawa irinsu sun yi maraba da zuwan Turawa saboda hari ya ƙare, masu sarauta kuwa ba su so ba. Mutum na iya jin zafin wannan magana a yau. Ni dai na fi son in ji ta daga wadda ta kwana da fargabar mahara da a gyara mini ita.

Aure huɗu ta yi. Na fari tana da shekara 14, auren zumunci da ɗan'uwanta Duma, wanda manya suka ƙulla, zuciyarta ba ta kwanta ba, aka rabu. Ta auri Malam Maigari, suka yi shekara wajen 15. Sai Malam Hasan, manomi kuma yari, wanda ta zauna da shi har mutuwa ta raba. Na ƙarshe, da Ibrahim, auren takalmi ne, kowa na gidansa.

A duk aurarrakin nan Allah bai ba ta haihuwa ba.

Wanda ya san gidan Bahaushe ya san nauyin wannan. Mace marar haihuwa tana kallon kishiya na goyo, tana jin habaici a bakin murhu, tana tunanin wa zai riƙe ta in ƙarfi ya ƙare. Wasu abin kan mayar da su masu ɗaci, kuma ban ga laifinsu ba. Baba ta bi wata hanya. Al'adar riƙo ta buɗe mata ƙofa, ta shiga da ƙafar dama: ta riƙi 'ya'yan dangi da na gidan miji, ta yaye su, ta yi musu tarbiyya, ta aurar da su. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ke hana uwa ko kiran sunan ɗanta na farko. Irin wannan yaro yana bukatar wata uwar da za ta rungume shi a fili ba tare da kunya ba, kuma mata irin Baba ne ke cike gurbin.

Sannan ta zama ungozoma. Aikin nan ba a ranar haihuwa yake ƙarewa ba. Akwai yankan cibiya da gasa ta, akwai binne mabiyiya, akwai wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma har a yi arba'in, akwai kunun kanwa, akwai kai da kawo na ranar suna. Ladan bai wuce goro da ɗan hatsi da abin da maigida ya ga dama ba. Macen da ba ta taɓa jin naƙuda a jikinta ba, ita ce ke durƙusawa bayan mai naƙuda tana ba ta haƙuri. Duk lokacin da na zo nan a labarinta sai na ɗan dakata.

Yadda labarin ya tsira kuwa ikon Allah ne. A 1949 wani masanin zamantakewa ɗan Jamaika, M. G. Smith, ya zo bincike ƙasar Zazzau tare da matarsa Mary, 'yar Ingila. Shi namiji ne, iyakarsa zaure. Mary ce ta koyi Hausa ta shiga cikin gidaje, a Giwa kuma ta haɗu da Baba, tsohuwa mai shekara 72 wadda ba ta karatu ba ta rubutu, amma ba ta mantuwa. Daga Nuwamba 1949 zuwa Janairu 1950, kimanin mako shida, Baba na magana Mary na rubutawa da Hausa, daga baya ta juya zuwa Turanci.

Tarihin da muka saba ji na sarakuna ne: wane ya hau, wane ya yi yaƙi, wane aka tuɓe. Baba ta ga basasar Kano tana matashiya, ta ga zuwan jirgin ƙasa, ta ga yunwa. Duk da haka abin da ta fi daɗewa a kai shi ne tsakar gida. Ta bayyana yadda 'yan mata biyu ke ƙulla ƙawance ya ɗore har tsufa, da yadda babba ke ɗaukar ƙanwar rana. Ta warware lissafin biki, inda abin da kika kai wa ƙawarki yau za ta ninka miki gobe, har ya yi nauyi a koma ƙasa a sake farawa. Wannan shi ne asusun mata tun ba a san banki ba, kuma da shi ake aurar da marainiya a rufa wa gida asiri. Ta yi maganar rabon kwana tsakanin kishiyoyi, da kaɗin auduga da 'yar sana'ar da matan kulle ke samun na kansu, da bori da masu yinsa, ba ta yi ƙyamar kowa ba. Malamai da yawa sun rubuta yadda ya kamata gida ya kasance. Yadda yake a zahiri, da hayaƙinsa da dariyarsa, a wurin wannan tsohuwa aka ji.

Littafin ya fito a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo, aka sake buga shi a Amurka a 1981, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Baba ba ta gan shi ba. Ta rasu a Giwa a 1951, tana da shekara 74, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan ta gama ba Mary labari.