Karen Buzaye Da Turawa Ke Kafa Wa Gidauniya

'Yar'uwa, ina aikin dare ne a ɗakin yara. Wajen ƙarfe uku an samu ɗan sarari, marasa lafiya sun yi barci, sai na jingina da bango na buɗe Facebook don kada gyangyaɗi ya sace ni. Nan na ci karo da wata sanarwa ta neman gudummawa daga wasu mata a Turai. Na ɗauka ta marayu ce. Da na karanta sai na ga ashe ta kare ce.

Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. A daren nan ni da abokan aikina muka yi karo-karo muka haɗa wa wata uwa kuɗin ledar jini, ga shi kuma wasu na tara kuɗi wai kada wani irin kare ya ƙare a duniya. Har na ɗaga yatsa zan wuce, sai hoton ya tsayar da ni. Kare ne dogo siriri, ƙafafu kamar na barewa, ciki a ɗame, haƙarƙari a fili har kina iya ƙirga su, launinsa na jan yashi, ga fari a ƙafafu kamar ya sa safa.

Na san karen nan. Kakata ta wajen uwa 'yar ƙasar Tawa ce a Nijar, can ake kai mu hutu muna yara, kuma irinsa ne ke biyo Buzayen da ke kawo mata cuku. Karen Buzaye muke ce masa, muna yi masa dariya wai yunwa ce ta ramar da shi.

Ashe halittarsa ce haka. Turawa suna kiransa Azawak, sunan wani busasshen kwari da ya ratsa arewa maso yammacin Nijar ya shiga Mali, ƙasar su Abalak da Cintabaraden har zuwa Menaka. Ana samunsa kuma a arewacin Burkina Faso. Buzaye suna ce masa oska. Namiji yakan kai tsayin santimita 64 zuwa 74 daga ƙasa zuwa kafaɗa, amma nauyinsa kilo 20 zuwa 25 ne kacal, wato kamar na ɗanki ɗan shekara bakwai. Idan ya zura da gudu yana kusantar kilomita 60 a awa ɗaya. Da rana ya kamo zomo ko barewa, da dare ya yi gadin tanti da garke, dila ko kura ba su kusanto ba tare da ya tashi kowa ba. Baƙo ba ya samun fuska a wurinsa, amma yaran gidan suna kwanciya a jikinsa lokacin sanyi. Karyar kuma galibi sau ɗaya take ɗaukar ciki a shekara, saboda haka irin ba ya yaɗuwa da sauri kamar karnukan da ke yawo a bola.

A farkon shekarun 1970 aka fara fita da shi zuwa Turai. Wani jami'in diflomasiyyar Yugoslabiya da ya yi aiki a yankin ya koma gida da su, Faransawa ma'aikata da sojoji su ma suka tafi da nasu. Amurka ta same shi a shekarun 1980, amma sai a 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta ƙasar ta ba shi cikakkiyar rajista. Har yau yana cikin karnukan da ba a cika gani ba a can.

To me ya kai ga neman kuɗi? A nan ne aikina ya taimaka mini na gane, kuma na san ke ma za ki gane, domin magana ce da muke yi kullum a kan auren zumunci da sikila. Kin san yadda uwa da uba za su kasance lafiya ƙalau, amma kowannensu yana ɗauke da rabin ciwon a jininsa, sai an haifi yaro abin ya bayyana. Idan dangi suka daɗe suna auren junansu, damar haɗuwar rabi da rabi tana ƙaruwa. Karnukan da aka fara kai wa Turai 'yan ƙalilan ne, kuma daga cikinsu aka yi ta haɗa 'ya'ya da jikoki. Duk wani ciwo da ke ɓoye a jinin kakannin sai ya samu ƙofar fitowa. A Azawak ɗin Turai an san matsalar farfaɗiya. Maganin abin shi ne sabon jini, sabon jinin kuwa yana Sahel.

An taɓa yin irin wannan da wani karen Afirka mai suna Basenji, ɗan dazuzzukan Kwango, wanda ba ya haushi kamar sauran karnuka. Na Amurka sun fito ne daga tsatso ƙarami, sai wani ciwon ƙoda da ake gado, mai suna Fankoni, ya addabe su. Masu kiwonsa suka haɗa kuɗi suka tafi Zayar a 1987 da 1988 suka ɗebo sababbi daga ƙauyuka, a 1990 aka shigar da guda 14 cikin rajista. Suka ci gaba da zuba kuɗi a bincike har aka samu gwajin da ke nuna karen da ke ɗauke da ciwon tun kafin a haɗa shi da wata. Gwajin jini kafin aure ke nan, na karnuka. Na yi dariya ni kaɗai a daren da na karanta, na tuna yadda muke fama da iyaye kafin su yarda a gwada 'ya'yansu.

Yadda suke tara kuɗin zai ba ki sha'awa, don bai wuce abin da muke yi a ƙungiyoyin mata ba. Suna buga kalanda mai hotunan karnukan su sayar. Wata ta saƙa bargo, wata ta ba da sarƙa, a yi gwanjonsu a intanet. Akwai kuɗin wata-wata na 'yan ƙungiya, akwai kuma masu barin wasiyya. Abin da aka tara yana tafiya wajen gwajin ƙwayoyin halitta, da daskarar da maniyyin karnuka masu lafiya don a yi amfani da shi bayan shekaru, da kuɗin tafiya da takardu da allurai idan za a ɗauko kwikwiyo daga Afirka. Game da Azawak, akwai ƙungiya mai suna ABIS da ta riƙa shirya tafiye-tafiye zuwa Sahel tun shekarun 1990, tana rubuta bayanan karnukan da ta gani, tana fita da wasu 'yan kwikwiyo, tana kuma kai wa makiyayan taimako.

A Ingila har jeri suke da shi. Duk irin karen ƙasar da aka yi wa 'ya'yansa rajista 300 ko ƙasa da haka a shekara, sai a sa shi cikin waɗanda ake fargabar ɓacewarsu. Akwai wani a jerin da aikinsa shi ne farautar wata dabbar kogi. A 1978 doka ta ba dabbar kariya, farauta ta tsaya, karen ya rasa sana'a, mutane suka daina kiwonsa. Yau ba su kai dubu ɗaya ba a duk duniya.

Abin da ke cin karen Buzaye a gida ke nan. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe garkuna, iyalai da yawa suka bar daji suka dawo gefen gari, wasu suka zama masu gadi a Kano da Legas. Bareyi sun yi ƙaranci saboda farauta da mota da bindiga. Tun 2012 rikicin arewacin Mali ya bazu zuwa iyakokin Nijar da Burkina, mutane suna gudu da abin da za su iya ɗauka. Wanda ke neman inda zai ɓoye 'ya'yansa ba ya tsayawa zaɓar wa karyarsa miji. A gefen gari sai ta haɗu da karnukan unguwa, bayan haihuwa biyu ko uku siffar ta narke. Saniyar Azawak, 'yar yanki ɗaya da shi, ta yi sa'a: gwamnatin Nijar tana da tashar kiwonta a Tukunus kusa da Filinge, saboda madararta. Kare ba ya ba da madara.

Na san abin da ke ranki, don ni ma da shi na tashi. Kare a wurinmu abin ƙyama ne, sunansa ma zagi ne. Amma a Islamiyya an karantar da mu cewa shari'a ta halatta riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, kuma akwai hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Karen Buzaye ma'aikaci ne, irin wanda aka yi izini da shi.

Duk da haka ina da ƙorafi a kan masu gidauniyar, kuma ban janye shi ba. Ƙa'idar da babbar ƙungiyar karnuka ta Turai ta rubuta ta taƙaita launukan da za a karɓa a matsayin Azawak na asali, alhali a Sahel ana samunsu da launuka iri-iri. Wato mutumin da bai taɓa kwana a tanti ba shi ke gaya wa Buzu wanne ne karensa na gaske. Sannan idan kuɗin duka ya ƙare a ɗakunan gwaji na Turai, an adana jinin kare ne a firji, an bar mutanen da suka raine shi ɗaruruwan shekaru. Karen da ba ya gadin garke, ba ya bin zomo, yana kwance a kan kujera a Jamus, sunan ne kawai ya rage masa.

Akwai wuri guda da buƙatarsu da tamu suka haɗu, kuma shi ya sa na zauna na rubuta miki wannan. Shekarun baya an kawo mana wani yaro, bai wuce shekara takwas ba. Kare ya cije shi a sha-raɓa wata biyu kafin nan. A gida aka ƙona gashin karen aka shafa, aka ɗaure da ganye, ciwon ya warke sumul, kowa ya manta. Ranar da aka kawo shi yana jin ƙishi, amma da uwar ta miƙo kofi sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture hannunta yana firgita. Ko iskar fanka ba ya so. Mutane suna cewa mai wannan ciwo haushi yake yi kamar kare. Ba haushi ba ne, maƙogwaro ne ke murɗewa. Babu abin da muka iya yi masa sai rage masa wahala. Uwar ta riƙe mini hannu tana cewa, "Nas, ai ciwon ya warke, wallahi ya warke." Har yau ina jin muryarta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka daga cizon kare ne. Da zarar alamomi sun bayyana, da wuya a tsira. Amma idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allurar rigakafi, ciwon yana daina yawo a tsakaninsu. Allurar da za ta ceci karen makiyayi a Abalak ita ce za ta ceci ɗan makiyayin, kuma ta kare ta fi ta mutum araha nesa ba kusa ba. A Najeriya ma ana yin ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato.

Ki riƙe wannan ko da kin manta sauran. Idan kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, ko ya lashi wurin da ke da rauni, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, ki duba agogo. Kada ki sa barkono ko toka ko ganye, kada ki ɗaure. Ki kai shi asibiti a ranar, a fara allurai, kuma ki cika su duka ko da ciwon ya bushe. Idan cizon mai zurfi ne ko a fuska ko a hannu, akwai wata allurar ta daban da ake yi a cikin raunin, ki tambaya. Idan an san karen, a tsare shi a sa masa ido kwana goma, amma kada ki jira kwanakin su cika kafin ki je. Ki kuma saba wa yaranki su gaya miki ko ƙaramin yakushi ne, don da yawa suna ɓoyewa saboda tsoron duka.

Ban tura wa matan Turai ko sisi ba. Na dai rubuta musu na tambaya nawa ne daga cikin kuɗin ke isa hannun makiyaya, kuma ina ba ki shawara ki yi wa kowace gidauniyar intanet irin wannan tambaya kafin ki taɓa asusunki. Abin da na yi shi ne na kai maganar wurin adashinmu na unguwa. Aka yi mini dariya da farko, wata ta ce nas ta koma likitar karnuka. Da na ba su labarin yaron, ɗakin ya yi tsit. Muka cire wani abu daga zubin watan, muka je ofishin likitan dabbobi, aka turo ma'aikaci ranar Asabar. Maigadin layinmu ya kawo nasa biyu, mafarautan bayan makaranta suka kawo nasu a ɗaure da igiya, mai unguwa ya sa aka yi shela a masallaci. Mun sa ranar maimaitawa baɗi kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon ta duniya, don kada mu manta.

Cikin karnukan da aka kawo babu mai dogayen ƙafafun nan ko ɗaya. Da daddare na aika wa kawuna na Tawa hoton ta WhatsApp, na tambaye shi ko har yanzu ana ganinsu. Ya ce Buzayen da ke kawo wa kaka cuku sun daina saukowa tun da hanya ta lalace, amma ranar kasuwar Abalak zai tambaya mini.