Me ke cikin ƙananan ƙunsunan da ke yawo a ruwan nono?

Idan aka zuba nonon uwa ko na saniya a na'urar da ke wulwula shi da gudu, mai zai taso sama, tarkace ya kwanta a ƙasa. A ɗebe ruwan tsakiya a ƙara masa gudu har ƙarfin ya ninka jan ƙasa sau 100,000, sai wata 'yar laka da ido ke gani da kyar ta taru a gindin kwalba. A cikinta ake samun wasu ƙunsuna da ƙwayoyin halittar jikin uwa suka saki, waɗanda masana ke kira eksozom. Girmansu tsakanin nanomita 30 ne da 150, nanomita kuwa shi ne milimita ɗaya a kasa shi gida miliyan. Sai da madubin lantarki ake ganinsu.

Ba a nono aka fara gano su ba. A 1983, ƙungiyoyi biyu, ɗaya a St. Louis ta Amurka, ɗaya ƙarƙashin Rose Johnstone a Jami'ar McGill ta Kanada, sun ga jajayen ƙwayoyin jini masu tasowa suna ƙunshe furotin ɗin da suka gama amfani da shi suna jefarwa waje. Johnstone ce ta raɗa musu suna a 1987, aka daɗe ana ɗaukar su hanyar zubar da shara kawai. A 2007 labari ya sauya saboda bincike biyu, duka daga Suwidin. A Gothenburg, ƙungiyar Jan Lötvall ta nuna cewa ƙunsunan na ɗaukar RNA, sinadarin da ke isar da saƙon gado, daga wata ƙwaya zuwa wata. A Cibiyar Karolinska kuma, ƙungiyar Susanne Gabrielsson ta tsamo su daga nonon mata masu shayarwa, ta ga suna taɓa yadda ƙwayoyin garkuwar jiki ke aiki a kwalbar gwaji.

Fatar ƙunshin tantani ne na maiƙo mai ninki biyu, cike da kolestarol da sifingomayelin da fosfatidilserin. Waɗannan maiƙo suna matsuwa da juna sosai, shi ya sa fatar ke da tauri, tsami da sinadaran narkar da abinci ba sa fasa ta da sauƙi. RNA a fili ba ya daɗewa a nono, domin akwai sinadaran da ke daddatsa shi nan take, amma wanda ke cikin ƙunshi yana tsira.

A jikin fatar da cikinta akwai furotin. Wasu shaidar asali ne: CD9 da CD63 da CD81 suna kafe a fata, Alix da TSG101 kuma ragowar kayan aikin da ƙwaya ta ƙera ƙunshin da su ne tun yana cikinta. Wasu na nono ne, kamar laktadherin da butirofilin da MUC1. A 2016 masu bincike a Jami'ar Utrecht ta Holan sun lissafa furotin kusan 2,000 a ƙunsunan nonon ɗan Adam, da yawansu masu isar da saƙo tsakanin ƙwayoyi ne, ba masu gina tsoka ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gajerun RNA da ake kira maikro-RNA, masu tsawon haruffa 22 ko kusa da haka. Ba sa ƙera furotin. Aikinsu rage muryar wasu ƙwayoyin gado. Gano su ne ya kai Victor Ambros da Gary Ruvkun ga kyautar Nobel a 2024. A nono, wanda ake kira miR-148a yana kan gaba wajen yawa, tare da dangin let-7 da miR-30. Shi miR-148a yana danne DNMT1, sinadarin da ke liƙa alamar kullewa a kan DNA. Da aka gwada nonon mutum da na saniya da alade da dabbar fanda ta ƙasar Sin, sai aka ga kusan waɗannan ɗin ne suka fi yawa a kowanne. Dabbobin da asalinsu ya rabu tun miliyoyin shekaru, amma uwayensu na ƙunsa wa jarirai abu iri ɗaya! Da wuya a ce wannan dace ne kawai.

Sai dai ƙunsa saƙo daban, karanta shi daban, kuma a nan masana suka rabu. A 2014, ƙungiyar Janos Zempleni a Jami'ar Nebraska ta ba da rahoton cewa miR-29b da miR-200c sun ƙaru a jinin manyan mutane bayan sun sha madarar shanu. Shekara guda bayan haka, ƙungiyar Markus Stoffel a Zurich ta yi gwaji mai wayo: ta ɗauki 'ya'yan ɓeraye da aka cire wa wani maikro-RNA tun daga gado, ta ba uwar da ke da shi ta shayar da su. Ko kaɗan ba a ga ya shiga jininsu ko hantarsu yadda zai yi tasiri ba. A ganina wannan gwajin ya fi na farko nauyi, domin miR-200c na saniya da na mutum iri ɗaya ne, rarrabe na baƙo da na gida a jini ba ƙaramin aiki ba ne. Duk mai tallar cewa madara na sake rubuta gadon mai shanta ya yi wa hujja gaba.

Akwai kuma matsalar tsabta. Gudajin kesin, furotin ɗin da ke daskarewa idan nono ya zama kindirmo, girmansu ɗaya da ƙunsunan, tare suke kwanciya a gindin kwalba. Sai an sauke su da tsami ko an narkar da su kafin a sami samfur nagari, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yin haka iri ɗaya ba. Wani sakamakon da aka danganta wa eksozom, mai yiwuwa aikin kesin ne.

Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne hanji, wurin da ƙunsunan ke fara sauka ba sai sun kai jini ba. A Toronto, ƙungiyar Agostino Pierro ta nuna cewa eksozom na madara na kare hanjin jariran ɓeraye daga irin ruɓewar hanjin nan da ke kashe bakwaini, ta hanyar ƙara majinar da ke lulluɓe bangonsa. Tafasa madara da zafi mai tsanani, irin wanda ake yi wa madarar kwali, na lalata ƙunsunan sosai, madarar gwangwani ta jarirai kuma kaɗan ne a cikinta. Dakashi, nonon farko mai kauri da har yanzu ake matsewa a zubar a wasu gidajenmu, an gano a shanu cewa ƙunsunansa sun fi na nonon baya ɗaukar furotin na garkuwa, kuma shi ne ke fara taɓa hanjin jariri idan aka sa shi a mama cikin awa ta farko kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara.